Allurar da Ba Magani a Cikinta: Amsa ga Wata Tela a Pantami

Assalamu alaikum Adda. Ni tela ce a Pantami, nan cikin Gombe, shekarata 38, 'ya'yana huɗu. Tun bara kafaɗata ta dama ta riƙe. Tsakanin wuya da kafaɗa akwai wani ƙululu, in na danna shi sai zafin ya bi ta bayan kunne ya hau har gefen goshi, wani lokaci har ido ya yi mini nauyi. Na sha dikulofinak na kemis har ya fara ƙona mini ciki. Da na je asibiti aka tura ni wajen masu gashin ƙashi, suka gasa, suka yi tausa, na ji sauƙi na kwana biyu, abin ya dawo. Yanzu likitan ya ce zai gwada mini wata siririyar allura da ba a zuba mata magani, sai dai a soka ta cikin ƙululun, wai dirai nidilin. Maigidana ya ce cin kuɗi ne, allurar da ba ruwa a ciki me za ta yi. Goggonsa ta ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi mini ƙaho. Akwai kuma wani yaro a layinmu da ke tsaron kemis, ya ce ya ga yadda ake yi a waya, zai sayo alluran ya yi mini a gida da araha. Ga azumi saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, ɗinkin Sallah ya fara taruwa. Adda, wanne zan bi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Bari in fara sallamar mutum ɗaya daga cikin masu ba ki shawara, sannan mu zauna a kan sauran. Yaron kemis kada ya taɓa ki. Ko kyauta ya ce zai yi, ki yi masa godiya ki ce a'a. Ban ce mugun yaro ba ne, wataƙila tausayinki ya ji. Amma wurin nan da kike nunawa, huhu yana kusa da shi fiye da yadda mutane suke zato. Kan huhu yakan leƙo sama da ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa da kamar santimita 2 zuwa 3, ta baya kuma tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari ba abin da ya raba shi da waje sai 'yar tsoka da fata. In allura ta karkace ta huda tantanin da ya lulluɓe shi, iska za ta taru tsakaninsa da bangon ƙirji, huhun ya sace, numfashi ya gagara. Daga nan sai gadon asibiti, wani lokaci sai an zura roba a ƙirji an fitar da iskar. Wanda ya koyi aikin a makaranta ma da taka-tsantsan yake bin wannan wuri, balle wanda ya kalla a waya.

To, mene ne wannan ƙululu? Tsokar da yake ciki a asibiti tirafiziyas suke ce mata. Faffaɗa ce, ta taso daga ƙeya, ta bazu zuwa kafaɗu biyu, ta gangara har tsakiyar baya. Sashenta na sama shi ke ɗaga kafaɗa, yana kuma cikin masu taya wuya riƙe kai, wanda nauyinsa a jikin babban mutum ya kusa kilo 5. Tsoka kuwa tarin siraran zaruruwa ce, kuma ba ta motsi sai jijiya ta ba ta umarni. A inda jijiyar ta haɗu da zaren tsoka, takan saki wani sinadari mai suna asitilkolin, zaren ya tsuke, in saƙon ya tsaya ya saki. Bayanin da akasarin masana wannan fanni suke bi shi ne, idan aka tilasta wa tsoka zama a ɗaure na sa'o'i, kullum, wata da watanni, sai a wani ɗan gurbi sinadarin ya riƙa ɗiga ba tsayawa. Zaruruwan da ke gurbin sai su tsuke su ƙi saki. Da suka tsuke sai su matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, jini da iskar oksijin su ragu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsoka tana bukatar ƙarfi kafin ta saki, ba lokacin tsukewa kaɗai ba. Ga shi abincin ba ya isowa, don haka sakin ya gagara, matsewar ta ci gaba. Ke da kike kan keke kin san in zare ya harɗe a ƙarƙashi, ƙara taka feda ba ya warware shi, ƙara cukurkuɗa shi yake yi. A wannan gurbi da jini ya yi ƙaranci ne wasu sinadarai suke taruwa suna tsokanar jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, har ya zama ɗan dannawa kaɗan sai ki zabura.

Zafin da ke bi ta bayan kunne ya hau gefen goshi ba baƙon abu ba ne, kuma shi ne ya sa na ɗauki maganar likitanki da muhimmanci. Wata likita Ba'amurkiya, Janet Travell, wadda ta zama likitar Shugaba Kennedy a fadar gwamnatin Amurka a 1961, ta ɓata shekaru tana bin irin waɗannan ƙululai tana zana inda kowanne ke aika zafinsa. A 1983 ita da abokin aikinta David Simons suka fitar da babban littafinsu a kan haka. Zanen da suka yi wa saman wannan tsoka shi ne abin da kika kwatanta: gefen wuya, bayan kunne, gefen goshi, har bayan ido. Dalili kuwa, jijiyoyin wuya da na wani sashen kai suna haɗuwa a can saman laka kafin saƙonsu ya isa ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗora zafin a kan goshi alhali asalinsa kafaɗa. Mata nawa ne suke shan maganin ciwon kai shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa danna musu kafaɗa ya ji?

Yanzu tambayar maigidanki, wadda tambaya ce ta mai hankali, kada ki ji haushinsa. Mu dai a saninmu allura hanya ce kawai, ruwan da ke ciki shi ne magani. Ita ma Travell da haka ta fara, tun a 1942 tana zuba maganin kashe zafi a cikin ƙululun. Sai a 1979 wani likita a ƙasar Cekoslobakiya, Karel Lewit, ya wallafa abin da ya lura da shi: sauƙin da marasa lafiya ke samu bai dogara da abin da aka zuba ba, ya dogara ne da ko tsinin allurar ya sami ainihin wurin. A 1994 wani likita mai suna Hong ya gwada hanyoyin biyu a kan wannan tsokar taki ta kafaɗa, wasu da maganin kashe zafi mai suna lidoken, wasu da allura zalla. Duka biyun sun sami sauƙi matuƙar tsokar ta harba lokacin da allurar ta taɓa ta, sai dai waɗanda ba a zuba wa magani ba sun fi jin tsamin wurin daga baya.

Wannan harbawar ita ce abin da mai yin aikin yake nema. Idan tsini ya dace da gurbin, zaruruwan sukan yi wani ɗan zillo da kansu, har mai kallo yana iya ganin fatar ta motsa. Saƙo ne da ya je laka ya dawo cikin ƙiftawar ido, ba da nufinki ba. Bayansa sau da yawa tsokar takan yi laushi, jini ya ƙara gudana a wurin. A 2005 Jay Shah da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka ƙera wata allura mai tsotso ruwa kaɗan-kaɗan daga cikin tsoka, suka sa ta a kafaɗun mutane. Suka tarar ruwan da ke cikin ƙululu mai ciwo ya fi na lafiyayyar tsoka tsami, kuma sinadaran tsokanar zafi sun fi yawa a ciki. Bayan tsokar ta harba, biyu daga cikin sinadaran suka ragu. Akwai kuma aikin da ke faruwa nesa da kafaɗar. Sukar allura saƙo ne mai ƙarfi, in ya isa laka da ƙwaƙwalwa sukan mayar da martani ta hanyar danne saƙon zafi da sakin nasu maganin na cikin jiki. Ki sani dai malaman fannin ba su gama haɗa baki ba. Akwai masu cewa ƙululun ba shi ne tushen ciwon ba, jijiyoyin da suka yi saurin jin zafi ne tushe, kuma an gwada an gani likitoci biyu ba kullum suke dacewa a kan gurbi ɗaya ba in suka lalubi kafaɗa ɗaya. Wannan gardamar tasu ce. Abin da ya shafe ki shi ne ko ana samun sauƙi, kuma na wane tsawon lokaci.

A nan ne maigidanki yake da rabin gaskiya. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje 13 da likitocin gashin ƙashi suka yi da wannan allura, ya nuna tana rage zafi fiye da zama ba magani ko allurar bogi, daga ranar da aka yi har zuwa kamar mako 12. Daga wata 6 zuwa shekara kuwa, hujjar ba ta kai a dogara da ita ba. Marubutan da kansu sun ce ƙarfin hujjar daga mai rauni ƙwarai ne zuwa matsakaici. Saboda haka duk wanda ya ce miki wannan allura za ta raba ki da ciwon har abada, ko ya ce sai kin biya kuɗin zuwa goma a dunƙule tun kafin a ga yadda jikinki zai karɓa, to wannan kam cin kuɗi ne, maigidanki ya faɗa daidai. Abin da take yi shi ne ta sassauta miki na 'yan makonni, wuyan ya juya, ciwon kan ya lafa, ki iya motsa jikin da a da zafi ya hana ki. Abin da kika yi da waɗannan makonni shi zai nuna ko kuɗin ya tafi a banza.

Ga yadda abin yake in kin shiga ɗakin, don kada ki je da fargaba. Za a kwantar da ke, galibi rub da ciki ko ta gefe. In aka ce ki zauna a kujera a soke ki a kafaɗa, ki nemi a bar ki ki kwanta, saboda wasu jiri kan kwashe su. Zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya goge wurin, ya lalubo ƙululun har ki ce masa nan ne. Sai ya kamo tsokar tsakanin babban yatsa da sauran yatsu ya ɗago ta daga jikin haƙarƙari, ya nufi da allurar wajen yatsansa, ba wajen ƙirji ba. Wannan kamun shi ne kariyar huhunki. Allurar kuwa kaurinta kamar milimita 0.25 zuwa 0.30 ne, ba ta da rami a ciki, ta fi ta kekenki siranta nesa ba kusa ba, kuma irinta ce Sinawa suke amfani da ita a nasu maganin na gargajiya, sai dai su suna bin wasu layuka na tsohon iliminsu, wannan kuwa tsoka yake bi. Shigarta fata da ƙyar za ki ji. Abin da za ki ji shi ne lokacin da ta sami gurbin: wani nauyi mai tsami, ɗan murɗawa, wataƙila har zafin ya leƙa bayan kunnen nan ya dawo. Zai ɗan ja ta ya mayar sau da dama cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko ya bar ta na 'yan mintuna, ya zare ya danne wurin da auduga. Ki sa ido ki ga an ɓare allurar daga ledarta a gabanki, an kuma jefa ta a kwalin zubar da allurai bayan an gama. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, kuma kin san yadda ciwon hanta ya yi yawa a ƙasar nan.

Daren ranar da washegari wurin zai yi tsami kamar an mangare ki, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Ki gasa da tawul da ruwan ɗumi, ki riƙa juya wuyan a hankali, kada ki ce a ranar za ki kwana kan keke. A ƙasar Ayalan an bi diddigin zaman allura 7,629 da likitocin gashin ƙashi 39 suka yi, aka wallafa sakamakon a 2014. Kusan kashi 19 cikin 100 an sami ƙananan abubuwa irin su taruwar jini a ƙarƙashin fata, ɗan ɗigon jini da zafi, babu babban lahani ko ɗaya. Ki lura, duka waɗanda suka yi aikin horarru ne. Duk da haka, in bayan an yi miki kika ji suka a ƙirji, ko numfashi ya yi miki wuya, ko busasshen tari ya taso, ko da bayan awanni ne, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya shafa man zafi. A kai ki sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, ki faɗa musu da bakinki cewa an sa miki allura a kafaɗa yau.

Kafin a fara, ki tambaye shi kai tsaye ko ya yi horo na musamman a kan wannan allura, kuma ko yana da lasisin hukumar MRTB, wadda ita ce ke yi wa likitocin gashin ƙashi rajista a Najeriya tun dokar 1988. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Ke ma akwai abin da ya wajaba ki faɗa masa: in kina da ciki ko kina zaton akwai, in kina shan maganin tsinka jini irin su wafarin, in jini ba ya saurin tsaya miki, in kina da ciwon suga ko sikila, in kin taɓa suma don ganin allura. In kuma akwai ƙurji ko ƙaiƙayi a fatar wurin, a jira ya warke. Batun buɗe jiki, wanda na san yana ranki ko ba ki rubuta ba, kina da damar ki nemi mace ta yi miki in akwai, in babu a sa ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin. Kafaɗar kaɗai ake buɗewa, ki je da riga mai faɗin wuya da mayafi. Ni da zan so ma maigidan ya raka ki zuwan farko. Namijin da ya ga tsoka ta harba da idonsa, ya kuma yi wa likita tambayarsa da kansa, ba sai kin sha wahalar yi masa bayani a gida ba.

Goggo kuwa ki bi ta da ladabi. Ƙaho abu ne mai asali a Sunnah, iyayenmu sun yi, kuma mutane da yawa sukan ce sun ji jikinsu ya yi sakayau bayansa. Amma ƙululun nan ba gudan jini ba ne da ya daskare, tsoka ce ta ƙi saki, kuma jinin da ƙaho ke fitarwa daga tsagar fata yake fitowa. Shi ma in ya ba da sauƙi na ɗan lokaci ne. Ba sai kin ce mata ba ta san abin da take faɗa ba. Ki ce mata likita ya fara nasa, a bari a ga ƙarshensa, don in aka haɗa biyu ba za a san wanda ya yi aiki ba. In daga baya an yi ƙahon, a tabbata da sabuwar reza aka yi, kuma kada a tsaga wurin da za a sa allura a makon.

Yanzu mu zo inda na fi so ki saurare ni, domin likita na ganinki na rabin awa ne, keke kuwa yana tare da ke yini guda. Ban ga shagonki ba, amma na san zaman. Benci ko kujerar roba da ta yi ƙasa da teburin keke, don haka sai kin ɗaga kafaɗu kafin hannu ya kai. Kai ya zuro gaba, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, ido na bin bakin allura. Hannun dama na kai wa ga wili yana dawowa, almakashi ma shi ne. Waya ta yi ƙara, kwastoma ce, sai ki maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa kina ci gaba da ɗinki kina ba ta haƙuri. Magariba ta yi, an ɗauke wuta, sai 'yar fitilar caji da aka jingina a gefe, ki ƙara sunkuyawa don ki ga layin baƙin zare a kan baƙin yadi. In an tashi yanka, a shimfiɗa atamfa a tabarma a duƙa a kanta. A cikin wannan duka tsokar kafaɗarki ta dama ba ta sami minti biyar ta huta ba. Ko allura ɗari aka yi mata, in ta koma wannan zaman za ta sake ƙullewa, shi ya sa gashin da tausar suka yi miki kwana biyu kacal.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Ki ɗaga mazauninki da matashi mai tauri ko ki sa kafinta ya ƙara wa kujerar tsawo, har gwiwar hannunki ta zo daidai da saman teburin ba tare da kin ɗaga kafaɗa ba, ki kuma matso jikin keken sosai. Fitila ta haska bakin allura kai tsaye. Yanka ya koma kan tebur a tsaye. Waya a sa ta a sifika ko a tsayar da keken a amsa. Sannan ki je a auna idonki. Kina 38, kuma wajen shekara 40 ne ganin kusa yake fara raguwa ga kusan kowa. In zura zare a allura ya fara ba ki wahala, ko kina matsar da kai gaba da baya kafin ki gani, to wuyanki ne yake biyan bashin idon, kuma ɗan tabarau zai iya yi miki abin da allura ba za ta yi ba. Duk bayan rabin awa ko minti arba'in ki saki keken na minti ɗaya. Ki kama gefen kujera da hannun dama, ki karkatar da kunnen hagu wajen kafaɗar hagu a hankali har ki ji wurin ya miƙe, ki riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ki ja haɓa baya ba tare da kin sunkuya ba, ki matse allunan kafaɗa biyu wajen juna ki saki.

Miƙewa kaɗai ba ta isa ba, tsokar tana bukatar ƙarfi, kuma nan ne mata suka fi ja da baya don suna ganin ai aikin gida ma motsa jiki ne. Ba ɗaya ba ne. A ƙasar Denmak, Lars Andersen da abokan aikinsa sun gwada ma'aikata 198 masu yawan ciwon wuya da kafaɗa, aka wallafa a 2011. Wasu aka ba su atisayen jan roba na minti 12 a rana, wasu na minti 2 kacal, kwana biyar a mako har mako 10. Duka rukunan biyu zafinsu ya ragu in an kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Minti biyu, ƙanwata. In ba ki da robar, gorar ruwa biyu cike sun isa a fara: ki tsaya, ki ɗaga hannaye ta gefe har daidai kafaɗa, ki sauke a hankali, ki maimaita har ki ji sun gaji. Ki sa likitan ya nuna miki da hannunsa, ya duba yadda kike yi, don in kina ɗage kafaɗa zuwa kunne wajen ɗagawar, ƙara wa wurin aiki kike yi. In ya sa miki allura ya sallame ki bai ba ki ko atisaye ɗaya ba, ki tambaye shi dalili.

Dikulofinak ki ajiye shi tun yau. Cikin da ya fara ƙona gargaɗi ne, maganin yana iya kai wa ga gyambon ciki da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana kuma ɗaga hawan jini, balle a sha shi da sahur a wuni ba ruwa. Ki koma wa likitan da ya fara ganinki ki faɗa masa batun cikin, ya duba ya canza miki. Kada kuma wani ya ce ki maye gurbinsa da tiramol ko haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda ba suna.

Akwai alamomin da in kina da ko ɗaya, maganar allura ta dakata sai likita ya sake bincike: hannu yana mutuwa ko yatsu suna yi miki kamar tafiyar kiyashi, almakashi yana suɓuce miki, ƙafa tana sassarfa, rama ba dalili da zufar dare ko tari da ya daɗe, ko zafin da ke hana barci ko ya kika kwanta. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya da ciwon kai mai tsanani kuwa, musamman a watannin zafin nan namu, ba a kwana da su a gida, sanƙarau ake tsoro. Ki sa a auna miki hawan jini ma, tunda ciwon kai na cikin kukanki.

Game da lokaci, ki fara yanzu, kada ki bari sai azumi ya kama. Jiri ya fi kama mai wofin ciki, kuma a goman ƙarshe ba za ki sami ranar hutawa bayan allura ba. Ki zaɓi ranar da aiki ya yi sauƙi, ki ci abinci kafin ki je. Ki tambayi kuɗin kowane zuwa tun farko ki faɗa wa maigidan, ku yi shawara a kan zuwa uku ko huɗu, ba fiye ba, kafin a zauna a duba. Ɗinkin Sallah kuma ki yanke adadin da za ki karɓa da ranar rufewa, ki faɗa wa kwastomomi tun yanzu, yanka da guga da sa maɓalli ki sakar wa yaran shago. Na san kuɗin shekara ne, amma wadda kika mayar wa yadinta da wuri za ta sami wani tela, wadda kika riƙe wa har daren Sallah kina kwance ita ce za ta yi ta yawo da sunanki.

Kafin zuwan farko, ki sami ɗan littafin da kike rubuta awon kwastomomi, ki ware shafi ɗaya. Ki rubuta kwana nawa a mako kan yake ciwo, awa nawa kike iya yi a kan keke kafin kafaɗar ta fara, da kuma iya inda haɓarki take kaiwa in kin waiga dama da hagu. Duk mako ki sake rubutawa. In bayan zuwa uku ko huɗu, tare da atisayen da gyaran zama, lambobin sun motsa, ku ci gaba kuna tazarar da zuwan har a daina. In ba su motsa ba, ki tsaya, ki kai wa likitan shafin, ki ce a sake duba wuyan daga farko.